Hannun Tasalla

A Illela, a shekarun da Turawa ba su daɗe da kafa duwatsun iyaka tsakaninsu da Faransawa ba, amarya ba ta jin ta cika amarya in ba Tasalla ce ta zana mata bangon ɗaki ba. Sai matan unguwa sun gama daɓe, ƙasa ta yi sumul tana ƙamshin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa mata, sannan a aika a kira ta. Takan zo da 'yan ƙorenta a kan faifai: farar ƙasa, jar ƙasa, shuni, da baƙin gindin tukunya da ta dama da ƙaro. Da gashin kaza take jan layi, da ɗan tsumma take cikewa. Kafin la'asar sai ka ga sarƙa ta harɗe daga ƙofa ta zagaye ɗakin, a cikinta ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa, mata sun yi cirko-cirko suna kallo, tuwon da suka ɗora yana ƙonewa a gida.

Abin da ake ba ta kuwa, zane ne ko goro ko damin gero, wani lokaci har 'yar akuya, bai taɓa kwana a hannunta ba. A bakin ƙofa Hadijatu, matar gidan da take zaune, ke tarbar ta.

"Kawo in aje maki," in ji Hadijatu. "Yaro ba shi riƙon kaya."

Wadda ake kira yaron nan kuwa ta kai shekara ashirin.

Gidan Maharazu ne, falke mai safarar goro da kanwa tsakanin Sakkwato da Ƙonni. A shekarar babbar yunwa uban Tasalla ya zo daga arewa, ya bar ta a zauren Maharazu tana 'yar ƙarama, ya ce zai dawo in an yi ruwa. Tun da Nasara ya hana sayen mutum, Maharazu bai taɓa kiran ta baiwa ba. Cewa yake yi amana ce. Kalmar ta yi masa daɗi ƙwarai. Baiwa tana iya fansar kanta, 'ya kuma dole a yi mata aure a yi mata kayan ɗaki, amma amana ba ta da ko ɗaya daga ciki. Samari sun zo nemanta, duk ya sallame su da murya mai taushi: ba shi da ikon bayar da abin da ba nasa ba, sai ubanta ya zo. Daka, surfe, ɗiban ruwa da wankin gidan kuwa, a nan ikonsa bai taɓa gazawa ba.

Zanen ma da duka ya fara. Ta ɗauki gawayi ta zana a bayan madafa abin da take iya tunawa na ɗakin uwarta, don shi kaɗai ya rage mata na gida. Ko sunan garinsu ya ɓace mata. Hadijatu ta zane ta da muciya saboda ɓata bango. Sai da Goggo Abu, tsohuwar da ke shugabantar matan daɓe a unguwar, ta ga zanen ta roƙi a ba ta aron yarinyar, aka dawo da zane da goro, sannan Hadijatu ta gano cewa ai baiwa ce Allah ya yi wa gidansu.

Wata rana bayan kaka labari ya zo cewa Baturen rangadi zai biyo ta Illela, kuma ana neman wanda za a ɗora a kan fataken iyaka. Maharazu ya ga babu wanda ya dace sai shi. Ya sa aka yi wa zaurensa sabon yaɓe, ya kira Tasalla.

"Ki zane shi tun daga ƙasa har rufi. Ina so wanda duk ya shigo shi san gidan mutum ya shigo."

Ta dubi tsanin da aka jingina mata, ta taɓa shi, gari ya zubo.

"Baba, gara ta ci tsanin ga."

"Magina ƙatti sun hau shi, ke za ya kayar? Hau."

Ta hau. Ta yi kwanaki tana hawa tana sauka, tana taka gefe-gefe inda itacen ya fi ƙwari. Ran da ta kai ga bangon gabas, can sama kusa da azara, matakin ya karye. Ta faɗo a kan hannunta na dama, shuni ya kife mata a ka. Ƙarar da ƙashin ya yi, har mai sayar da hura a ƙofar gida ta ji.

Maharazu ne ya fara shigowa. Bangon ya fara duba.

"Ga shi kin ɓata ƙasan da shuni."

Hadijatu ta zo ta kama hannun ta murza, Tasalla ta yi ƙara ta sulale.

"Targaɗe na," in ji Hadijatu. "Yaran yanzu ba su da jimiri. Ni da na haihu da hantsi, da marece nis surfa gero."

Aka shafa mata man shanu, aka naɗe da tsohon tsumma.

A Araba, tafiyar da ba ta kai wuni ba, akwai maɗori mai suna Dabo, wanda har daga ƙasar Faransa ake kawo masa karaya. Kowa a gidan ya san shi. Washegari da hannun ya kumbura ya yi kamar kabewa, Tasalla ta durƙusa gaban Maharazu yana karin kumallo.

"Baba, don Allah a kai ni wurin Dabo."

"Jakai sun tahi Ƙonni da kaya. Bari su dawo."

Jakai suka dawo. Sai ya ce sun gaji. Da suka huta, ya ce Dabo mutum ne mai cika baki, da ya kama hannu zai ce kada a motsa shi har wata ya tsaya ya ɓace, ga baƙi a kan hanya. Ta ƙarasa bangon tukuna, ai Allah hannu biyu ya ba ta. In an gama, shi da kansa zai kai ta, har ya saya mata sabon zane.

Aka ɗaure matakin da ya karye da igiya, ta sake hawa. Da hagu take zanen, na daman yana rataye a wuyanta, kowane motsi yana sukar ta har cikin haƙora. Layin da take ja da numfashi ɗaya a da, yanzu sai ta ja, ta goge, ta sake ja. Zufa na shiga idonta ba ta da hannun sharewa. In ta sauko, tulun ruwa na jiran ta, don Hadijatu ta yanke hukunci cewa ba da hannu ake ɗaukar tulu ba, da kai ne.

Zazzaɓi ya kama ta. Inda ƙashin ya huda fata ya fara ruwa, tsumman ya manne. Yatsunta suka yi sanyi, suka daina jin taɓi. Ta gaya wa Hadijatu.

"To ai sauƙi ke nan, tunda kin bar jin zafi. Ki gode Allah."

Liman ya leƙo ganin zauren, ya same ta zaune a gindin tsani tana rawar sanyi. Ya tambayi abin da ya same ta, Maharazu ya ce faɗuwa ta yi. Liman ya girgiza kai, ya ce abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. Ya yaba zanen, ya karɓi goro, ya fita.

Ta gama bangon ana gobe baƙi za su iso.

Bature ya zo da hantsi, a kan wani doki ramamme, fuskarsa ja wur, tafinta na biye da shi. Maharazu ya sha babbar riga ya tsaya a ƙofar zaure tun safe, an shimfiɗa buzaye, an jera ƙoren nono. Baturen ya zo daidai ƙofar, ya kori ƙuda daga hancinsa, ya wuce. Ko waiwaye bai yi ba. Masu unguwa da fatake ne suka shiga daga baya suka shanye nonon, suna ɗaga kai suna salati. Wani ya tambayi wanda ya yi wannan aiki.

"Wani gwani na ɗauko daga Sakkwato," in ji Maharazu. "Ya riga ya koma."

Gwanin na bayan katanga a kwance, tana jin su.

Daga ranar ba a sake maganar Araba ba. Hannun ya fara wari. Ruƙayyatu, 'yar gidan, wadda suke kwana ɗaki ɗaya, ta ce ba ta iya cin abinci. Hadijatu ta sa aka share rumfar awaki aka shimfiɗa wa Tasalla tabarma a ciki, ta ce can ya fi iska, mara lafiya yana son iska. Ana tura mata kunu a ɓallin ƙwarya daga bakin ƙofa, in an tuna.

Mata suka fara zuwa tambaya, don bukukuwa sun matso, ɗakuna na jira. Hadijatu ta tare su a tsakar gida da fuskar tausayi.

"Wallahi mun yi iyakar yinmu. Ba ciwon hannu na ba, iska na. Zane-zanen ga da take yi, ashe aljanu ke bin su. Su sunka ture ta. Malamai sun ce kada kowa shi gan ta."

Shekara da shekaru Hadijatu tana ɗaura zannuwan da zanen ya kawo, ba ta ji motsin aljani ko ɗaya ba sai yanzu.

Goggo Abu ta zo, aka ce Tasalla na barci. Ta dawo, aka ce an yi mata turare ba a shiga. Zuwa na gaba ba ta yi sallama ba. Ta zagaya ta bayan gida, ta leƙa ta kafar dangar rumfar. Abin da ta gani ya sa ta zauna a ƙasa: yarinyar ta rame ta zama ƙashi, ƙudaje sun rufe tsumman, akuya na cin kunun da aka ajiye mata, ita kuwa idonta a buɗe ba ta ko kore ta.

Ranar ana daɓe a gidan wani majemi, mata sun cika ɗaki suna bugawa suna waƙa. Goggo Abu ta shiga ta tsaya a tsakiya har waƙar ta mutu.

"Wace ce cikinku Tasalla ba ta zana ma ɗaki ba, ko ɗakin ɗiyarta?"

Ba a sami ko ɗaya ba.

"To tana rumfar awaki tana ruɓewa. Ku taso."

Haka suka fito da rana tsaka, da madaɓansu a hannu, ƙafafu duk jar laka. Suka ratsa zauren Maharazu ba su cire takalmi ba. Yana zaune da abokansa, ya miƙe yana gyara riga.

"Goggo, lahiya? Gidan mutum na hwa."

"Mun zo ɗaukar yarinya."

"Ba ni iya ba ku. Amana ta. Ranar da ubanta yaz zo, mi zan ce mashi?"

"Amana ta?" in ji Goggo Abu. "To hito da ita nan gaban abokanka, su ga yadda kake ajiya. Gobe su ba ka kayansu."

Ya dubi abokan, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mata suka wuce shi. Hadijatu na ihu tana cewa za su ɗauki aljanu su kai gidajensu, babu wadda ta kula ta. Suka ɓalle ƙyauren rumfar, suka kwantar da Tasalla a kai, suka fito da ita ta zauren. Warin ya cika ɗakin nan mai kyau, manyan mutane suka toshe hanci da hannun riga.

A ka suka ɗauke ta har Araba, suna karɓa-karɓa.

Dabo ya jiƙa tsumman da ruwan ɗumi ya ɓare shi a hankali. Ya daɗe yana kallo.

"Yaushe tak karye?"

Aka gaya masa.

"Da kun kawo ta da wuri, da yanzu tana daka." Ya tofar da yawu gefe. "Ƙashi ya kama a karkace, jijiya ta mutu. Rai zan nema mata, da damtsen. Yatsu kam sai haƙuri."

Ya yi aikinsa. Ya matse, ya wanke, ya yanke naman da ya mutu, mata huɗu na danne da ita. Ta rayu. Da ciwon ya warke, hannun ya ƙanƙance, yatsun suka dunƙule cikin tafi kamar tana ɓoye wani abu.

Goggo Abu ta kai ta gidanta. Tasalla ta yi watanni ba ta magana sai gaisuwa. Tana zama a inuwar rumbu, hannun a ƙarƙashin zane. In ta ga farar ƙasa sai ta kau da kai. Goggo ba ta matsa mata ba. Abin da ta yi kawai, ran da za a zana ɗakin 'yar majemin nan da aka bar daɓensa a rabi, ta ce Tasalla ta raka ta, ta zauna a bakin ƙofa ta sha iska.

Matan suka dama kala da kansu, suka hau bango. Abin da suka yi ba ya kallo. Sarƙar ta tashi daga ƙofa ta nufi rufi kamar macijin da aka taka, shuni na zuba a kan fari. Suna yi suna dariya suna zagin juna. Tasalla ta daure, ta daure, sannan aka ji murya daga bakin ƙofa.

"Ƙaron ya yi kaɗan. Shi ya sa yake zuba."

Babu wadda ta juya. Aka ƙara ƙaro.

"Ba nan ba. Ki sauko da shi daidai kafaɗarki... A'a. Ba ni."

Ta karɓi gashin kazar da hagu. Layin ya yi rawa, ta ciji leɓe ta ci gaba. Bai yi santsin na da ba. Ya fi kauri, yana da 'yar karkata, amma ya tafi ya zagayo ya haɗu da kansa. Da ta gaji ta miƙa wa ta kusa da ita, ta riƙe mata wuyan hannu tana ja da ita. Ranar har faɗuwar rana suna ɗakin, kuma a hanyar gida Goggo Abu ta ji ta tana bin waƙar daɓe a hankali. Daga nan ba ta ƙara zana ɗaki ita kaɗai ba. Ita ke fitar da layi, mata na cikewa, abin da aka bayar kuma a hannunta yake kwana.

Ana nan sai bikin Ruƙayyatu ya taso. Hadijatu ta aika a gaya wa matan daɓe, babu wadda ta je. Ta sake aikawa da goro, goron ya dawo. Sai ga ta da kanta a gidan Goggo Abu, da lulluɓi, ta sami mata na tankaɗen farar ƙasa a tsakar gida. Ta zauna ba a ba ta tabarma ba.

"Tasalla, ni da babanki mun yi shawara. Mun yahe maki."

Tasalla ta ɗago kai.

"Kun yahe mani mi, Inna?"

"Kunyar da kika ba mu cikin gari. Ya wuce. Ɗiya ba ta laihi wurin uwa. Ki taso ki zana ɗakin ƙanwarki."

"Ba ni zuwa."

Hadijatu ta gyara zama, muryarta ta canza.

"Ke ba ki san alheri ba. Da ba don mu ba, da yanzu ƙasusuwanki na cikin daji. Ran da ubanki yad dawo, wani ramamme da shi, ko takalmi babu, da mun ba shi ke, mi za ki ci a Tudun Adda? Ƙasa?"

Rariya ta tsaya a hannun mai tankaɗe. Tasalla ta ajiye ƙwaryar da ke cinyarta.

"Ya dawo?"

Hadijatu ta ga ta yi suɓul da baka, amma ba irin matan da ke ja da baya ba ce.

"Ya dawo, da damina ta kewayo. Munka ce mashi kin rasu. Don ke munka yi. Tausayi na."

"Kuma Baba na cewa sai ubana ya zo."

"To da mi kike so shi ce?"

Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta maimaita sunan garin sau da yawa a bakinta, kamar mai gudun kada ya sake ɓacewa. Goggo Abu ce ta tashi ta kama Hadijatu a damtse, ta kai ta har waje.

Akwai Fulani masu kawo nono Illela da suka san Tudun Adda, wani ƙauye ne can bayan Ƙonni. Da za su ƙaura da shanunsu, Tasalla ta bi su, da ƙorenta a ƙunshe. Ta sami uban da rai, ya tsufa, idonsa ya yi hazo, yana saƙar igiya a gindin kalgo. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Ya ce ai har sadakar mutuwarta ya yi, da ɗan geron da ya roƙo. Ya shafa fuskarta, ya shafa kafaɗarta, ya gangaro ya kama hannun. Ya yi ƙoƙarin buɗe yatsun, suka ƙi.

"Wa yai maki haka?"

"Waɗanda ka ba amana, Baba."

Tsohon ya riƙe hannun da nasa biyu.

A Illela an yi bikin Ruƙayyatu a ɗaki mai bango tsirara. Hadijatu ta gaya wa dangin ango cewa su gidansu ba sa zane, don yana hana mala'iku shiga, suka yaba da tsoron Allahnta. Maharazu bai bar sahun gaba a masallaci ba, ba a fasa gaishe shi da durƙuso ba, kuma in hira ta yi daɗi yakan ba da labarin marainiyar da ya raina da hannunsa ta saka masa da butulci. Masu sauraro sun san gaskiya sarai, wasunsu suna zaune ran da aka fito da ita a kan ƙyaure. Sukan ce Allah ya ba da lada, su miƙa hannu su ɗauki goro.